Aron Kwana Tara

Kwana tara Rombout ya ba mu aron kwanon,
ya ƙirga su da yatsu a bakin ƙofa,
ya ce in ya fashe, gidanmu da gadonmu
da kwalekwalen kawuna ba za su biya ba.
Ni na rungumo shi cikin ciyawa
kamar mai ɗauke da jinjirin wata,
ina taka duwatsun Middelburg ɗaya-ɗaya,
yayyafi na tsotsar gefen rigata.

Farin tangaran ne, shuɗi ya kwanta a jikinsa
kamar jijiya a bayan hannun tsohuwa.
Wata takwas a teku, in ji matuƙa,
maza goma sha ɗaya aka bar wa kifaye,
shi ko tsaga bai yi ba.

Baba ya shimfiɗa darduma a kan tebur,
ya karkata kwanon, ya tokare shi da burodi,
ya fere lemo, ɓawon ya sauko
yana lilo a gefe, ya ƙi faɗuwa.
Ya rufe taga ɗaya, ya bar ɗaya.
“Machteld, niƙa shuɗi. Kar ki yi atishawa,
garin da ke kan dutsen nan ya fi kuɗin hayarmu.”

Lemon farko ya yanƙwane ran Laraba,
muka matse shi a kan kifi, muka sayo wani.
Inabi ya saki jiki, ƙuda ya yi sallama,
Baba ya ce ya zauna, shi ma a zana shi.
Kwanon kaɗai bai san ana kwana ba.

Da dare ni ke goge shi. Nan na lura.
Macijin da ya naɗe shi, mai ƙaho da gemu,
mai bin lu'ulu'un da bai taɓa kamawa ba,
farata huɗu gare shi a kowace ƙafa,
amma kusa da na huɗun akwai ƙarzuwa,
gurbin na biyar da wani ya kankare.
Tsoho Lieven, mai gyaran igiya a tashar jirage,
ya ce mai biyar na teburin sarkin Sin ne kaɗai,
wanda aka kama da shi, sai wuyansa.
Ashe ta ƙofar baya aka fito da shi,
aka yanke masa farce don wani ya tsira da kai.

Na kifa shi. A gindi, ƙarƙashin ƙyalli,
ga shatin babban yatsa, ƙarami.
Wani ya riƙe shi tun yana laka,
kafin wuta, kafin sarki,
kafin ɓarawo, kafin Rombout.
Ba suna. Yatsa kawai.
Na ɗora nawa a kai, ya zauna daidai.

Baba bai ga wannan ba, gaba yake zanawa.
Ya sa hasken taga a leɓen kwanon,
ɗigo ɗaya na fari,
ya ja da baya, ya daɗe bai ce komai ba.
Farata huɗu ya yi. Na ce, “Biyar ne.”
Ya ce, “Abin da ido ya gani ake biyana.”
Ya rubuta sunansa a kan wuƙa
inda mai saye zai fara dubawa.

Ran na tara na mayar da kaya.
Rombout ya ƙwanƙwasa da farce, ya saurara,
ya ji ƙarar lafiya, ya tura ƙofa.
An ce zanen aro ba ya rufe katara,
namu zanen na aro ya biya mai burodi,
har da ragowar kuɗin kyandir.

Amma daren nan, fenti bai gama bushewa ba,
na sauko ba takalmi, na tsuguna,
can ƙasa, inda inuwar tebur ta fi duhu,
na danna babban yatsana.

Yanzu yana rataye a gidan wani mai jirage.
Baƙi na yabon lemon, suna korar ƙudan.
Har yau ba wanda ya sunkuya.